Jagorar inganta irin gero domin yawan amfani da ƙarfin abinci

Kowace kaka, kafin a ɗaure dami, manomin gero yakan ware zangarniyoyin da suka fi cika masa ido, ya ɗaure su daban, ya ajiye a ƙuryar rumbu domin shukar baɗi. Da wannan zaɓen aka samu zango mai doguwar zangarniya, da maiwa, da dauro, da sauran irin gargajiya da suka riƙe ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Sai dai zaɓen ranar girbi yana da giɓi biyu. Na farko, babbar zangarniya sau da yawa albarkacin wurin da ta tsaya take ci: gindin gawo, ko tsohon shuri, ko inda shanu suka kwana da rani. Irin wannan girman ba ya bin ƙwaya zuwa baɗi. Na biyu, sinadarin ƙarfe da na zinki, waɗanda jiki ke buƙata domin jini da girman yara, ido ba ya ganinsu. Zangarniya biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya kuma ta kusa ninka ɗaya a sinadarin ƙarfe.

Duk aikin da za a bayyana a nan dabara ce ta raba abin da tsiro ya gada da abin da ƙasa ta ba shi aro. Ƙungiyar masu samar da iri, da malamin gona, da ɗalibin aikin noma, kowa zai iya ɗaukar abin da ƙarfinsa ya kai.

Halin gero da ya kamata a fara sani

Gero ba kamar wake ko gyaɗa ba ne da ke barbarar kansu. Idan zangarniya ta fito, farin gashin nan mai laushi, wato matancin furen, shi ke fara bayyana daga sama zuwa ƙasa. Sai bayan kwana biyu zuwa uku bununi ya biyo baya. Kafin bununin zangarniya ya zuba, iska ta riga ta kawo mata na maƙwabta. Shi ya sa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙwayar da ke jikin zangarniya ubanta wani tsiro ne daban.

Abu uku ke biyo bayan wannan. Wanda ya zaɓi zangarniya ranar girbi uwa kawai ya zaɓa, bai san uba ba, wataƙila ma shibra ce, wato geron daji, ko mai kuturta, cutar nan mai lalata ganye da zangarniyar gero. Sannan gonar gero kamar garke take, garken ake gyarawa gaba ɗaya, ba a ɗora iri a kan tsiro guda. Na uku, gero ba ya jure auren dangi. Idan aka tsuke iri a kan zangarniya goma ko ashirin, bayan 'yan shekaru kara zai sirance, zangarniya ta ƙanƙance, amfani ya faɗi. Duk inda aka ga an nace a kan adadi mai yawa a wannan jagorar, dalilin ke nan.

Mataki na 1: a rubuta irin da ake nema

A zauna da manoma maza da mata a rubuta siffar irin kafin a taɓa sungumi. Kwana nawa ake so ya yi? Inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 zuwa 450 ba, kamar arewacin Damagaram da Tawa, ana neman mai nuna cikin kwana 70 zuwa 80. Wajen Kano da kudancin Katsina mai kwana 85 zuwa 95 ya fi ba da amfani, domin mai saurin nuna a can yakan nuna cikin marka, ƙwaya ta yi fumfuna, tsuntsu kuma ya tare a kansa shi kaɗai. A rubuta tsawon zangarniya, musamman inda ake ɗaure dami, domin gajeriyar zangarniya ba ta ɗauruwa da kyau kuma manoma kan guje ta ko da tana da nauyi. A rubuta launin ƙwaya, da tsawon kara idan ana buƙatarsa don danni ko abincin dabbobi.

Sinadarai ma a sa musu lamba. Geron da aka saba nomawa yana ɗauke da kimanin miligiram 47 na ƙarfe a kowane kilo. Shirin HarvestPlus, mai aikin ƙara wa amfanin gona sinadaran gina jiki, ya sa 77 a matsayin inda ake son kaiwa. Indiya tun 2018 ta ƙayyade cewa ba za a saki sabon irin gero a matakin ƙasa ba sai ya kai 42 na ƙarfe da 32 na zinki. Ga mai farawa a nan, 60 na ƙarfe ba tare da amfani ya ragu ba buri ne mai ma'ana.

Mataki na 2: zaɓen iyaye

Hanya biyu ce. Ko a gyara iri guda da ake da shi, ko a haɗa biyu a fitar da sabo.

Idan yawan amfani da dacewa da ƙasa ake nema, akwai tushe masu kyau. SOSAT-C88, wanda aka samar a Mali tare da ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, aka kuma sake shi a Najeriya a 2000, yana da matsattsiyar zangarniya da juriyar kuturta. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta biyo da Super SOSAT a 2011 da Jirani a 2013. A Nijar akwai HKP da CIVT da Zatib na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar. Kada kuma a raina irin gida, domin shi ya san fari da zafin yashin wurin.

Sinadarin ƙarfe kuwa, babbar rijiyarsa wani geron gargajiya ne mai suna iniyadi daga arewacin Togo da Gana, mai saurin nuna, mai manyan ƙwayoyi masu duhun toka. Daga jininsa aka samu Dhanashakti a Indiya, mai kimanin miligiram 71, da Chakti da aka saka a hannun manoman Nijar a 2018, mai kimanin 65. Aibin wannan dangin a wurinmu shi ne gajeriyar zangarniya da saurin nuna da ke jawo tsuntsu.

Ga abin da ya kamata a riƙe game da gadon ƙarfe: tarawa yake yi, rabi daga uwa rabi daga uba. Idan aka haɗa mai 45 da mai 70, 'ya'yan farko za su tsaya wajen 57, ba za su zarce iyayensu ba. Daga jikoki ne ake tsamo waɗanda suka haɗa doguwar zangarniyar gida da ƙarfen baƙo. Abin farin ciki, ƙarfe da zinki tare suke tafiya a gero, wanda ya ɗaga ɗaya yakan ɗaga ɗayan.

Mataki na 3: haɗa iri da hannu

Kayan aiki: jakunkunan takarda masu jure ruwa da suka fi zangarniyar tsawo, abin maƙalewa, fensir, da katin rataya. Leda ba ta yi, tana dafa furen.

A fara daidaita lokacin fure. Idan irin gida na fure a kwana 60, baƙon kuma a kwana 45, a shuka na gida tukuna. Bayan kwana goma a shuka kashin farko na baƙon, a ƙara kashi biyu a tazarar mako guda-guda. Rashin yin haka shi ne abin da ya fi ɓata damina guda a banza.

Da zarar kan zangarniyar uwa ya leƙo daga cikin ganye, kafin farin gashi ya fito, a rufe ta da jaka a maƙale bakin. Ana duba ta kowace safiya. Ranar da gashin ya lulluɓe ta, fari tas, bununinta kuma bai fito ba, ta isa. Tun yammacin jiya a rufe zangarniyar uba wadda ta fara bununi. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, wajen ƙarfe 8 zuwa 11, a lanƙwasa ta a hankali a bubbuga jakar, za a ga garin rawaya ya taru a ciki. A zare jakar uwa da sauri, a kifa ta uba a kanta, a girgiza, a maƙale, a rubuta sunan uwa da uba da kwanan wata da fensir. Bununi ba ya daɗewa da rai cikin zafi, kada a yi yawo da shi. Safiyar da aka kwana ana ruwa a haƙura, jiƙaƙƙen bununi dunƙulewa yake yi.

A yi haka a kan tsiro aƙalla 50 zuwa 100 ta kowane ɓangare. Bayan kwana 25 zuwa 30, idan baƙin ɗigo ya bayyana a gindin ƙwaya, ta ƙosa. A riƙa leƙa jakunkuna, domin danshin cikinsu yana ƙarfafa cutar da ke mayar da ƙwaya baƙin gari, tsutsa ma tana samun maɓoya.

A ɗebi ƙwaya daidai wa daida daga kowace zangarniya a gauraya, a shuka a keɓaɓɓen wuri a bar iska ta yi aikinta zubi biyu ko uku kafin a fara zaɓe mai tsanani. Mai gaggawar zaɓe tun zubin farko yakan ƙare da abin da ya koma kamar ɗaya daga cikin iyayen.

Mataki na 4: zaɓe a fili ta hanyar yanka gona

Wannan ita ce hanyar da kowace ƙungiya za ta iya bi ba tare da na'ura ba. A samu fili kwata hekta, mita 50 sau 50, wanda ya nisanci kowace gonar gero da aƙalla mita 400. Inda hakan ya gagara, a nemi maƙwabta su shuka irin nan ɗaya, ko a kewaye filin da layuka masu yawa na irin, waɗanda ba za a ɗebi iri daga cikinsu ba.

A shuka a tazarar mita ɗaya, gurbi 2,500 ke nan. Bayan mako biyu zuwa uku a rage a bar tsiro ɗaya tak a kowane gurbi, domin a ga halin kowanne shi kaɗai. A yi ragin ba tare da zaɓe ba a duk filin, hannu ɗaya. A bar mita 5 ta kowane gefe. Abin da ya rage, mita 40 sau 40, a yanka shi da igiya da turaku zuwa ƙananan fegi 64, kowanne mita 5 sau 5 mai tsiro 25.

Amfanin yankan shi ne, kowane tsiro da maƙwabtansa na kusa ake gwada shi, waɗanda suka ci ƙasa iri ɗaya. Daga kowane fegi za a ɗauki huɗu mafiya kyau, ko fegin na kan tudun yashi ne ko na gindin gawo. Mutum zai ji ransa na ja zuwa fegin da ya yi baƙi ƙirin don kyau, ya so ya kwashi goma a can ya tsallake wanda ya yi rawaya. A daure. Gwarzon fegin da ya sha wuya sau da yawa shi ne mai gadon da ake nema.

Babban aikin kafin bununi ake yinsa. Tun daga kwana 20 a riƙa zagawa ana tuge duk mai kuturta: ganyen da ya fara rawaya daga gindi, wanda idan aka juya bayansa da sassafe za a ga farin gari kamar toka. A fitar da shi daga gona a binne ko a ƙone, domin ƙwayar cutar na zama a ƙasa shekaru. Lokacin fitar kai a tuge shibra, ana gane ta da yawan rassa da siririn kara da ƙananan zangarniyoyi masu zubar da ƙwaya. A tuge wanda ya yi saurin fure fiye da kima da wanda ya makara. Duk wanda aka bari ya zubar da bununi ya riga ya shiga irin baɗi, ko an tuge shi daga baya.

Lokacin fure a ɗaura tsumma a kan tsiro shida ko bakwai a kowane fegi, ranar girbi a tace zuwa huɗu. Abin dubawa: zangarniyar da ta matse har yatsa ba ya nutsewa, wadda ta cika da ƙwaya tun daga gindi har tsini, ta fito sarai daga cikin ganye, rassa biyu ko uku masu zangarniya da suka nuna tare, kara a tsaye, babu zanen murzuna, tsutsar da ke ci tana zagaye zangarniya. Za a tashi da zangarniya 256. A sussuke kowace daban, a zubar da masu ƙananan ƙwaya, a ɗebi cokali guda daga kowace a gauraya. Kada adadin ya gaza 200.

Wannan hanya na saurin gyara lokacin nuna, da tsawon zangarniya, da girman ƙwaya, da rage kuturta. Wajen yawan amfani tafiyarta a hankali ce. Wajen ƙarfe kuwa ba ta motsa komai sai an kai ƙwayar kowace zangarniya awo.

Mataki na 5: gwajin zuriya

Nan ne ake samun ci gaba na gaske a amfani da sinadarai tare, kuma ta wannan hanyar aka tsamo Dhanashakti daga cikin wani tsohon iri mai suna ICTP 8203.

Damina ta farko: a rufe zangarniyar tsiro 300 masu kyau da jaka kafin gashi ya fito, a bar ta a rufe har ta barbari kanta. Wasu ba za su yi ƙwaya sosai ba, a ajiye 200 da suka cika. Kowace zuriya ce mai lambarta. A raba ƙwayarta biyu, rabi na gwaji, rabi a ajiye a ambulan cikin mazubi mai murfi a wuri mai sanyi. Wannan ajiyayyen rabin shi ne dukiyar aikin. Idan ƙwari ko danshi suka ci shi, shekara biyu ta tafi.

Damina ta biyu: a shuka kowace zuriya a layi guda mai gurbi 7, tazarar santimita 80 sau 80, a bar tsiro biyu a gurbi. A maimaita sau biyu a kowane wuri, kuma a sauya jerin lambobin ta hanyar ƙuri'a, kada zuriya ta zauna kusa da maƙwabciya ɗaya sau biyu. Layukan zuriyoyin a wuri guda za su ci ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na hekta. A yi a wurare uku, ɗaya daga ciki ya zama gona marar ƙarfi irin wadda yawancin manoma ke nomawa, domin zuriyar da ta yi fice a ƙasa mai taki ba lallai ta yi fice a jigawa ba. Bayan kowane layi 20 a sa irin ma'auni guda biyu: wanda manoman wurin suka fi so, da Chakti ko wani mai ƙarfe. Inda za a sa taki, a auna: giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane gurbi, wato cikin murfin kwalbar lemo, a gefen iri ba a kansa ba. A gama shuka rana guda, noman firi ma rana guda.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne wanke irin gwaji da Apron Star. Maganin na da kyau a gonar manomi, amma a filin zaɓe yana ɓoye kuturta, mai rauni ya fito kamar mai juriya. A nan so ake cutar ta bayyana. Har ma akan shuka wani iri da aka san yana kamuwa, layi ɗaya bayan kowane huɗu, mako uku kafin a shuka zuriyoyin, domin ya watsa musu cutar. A ƙirga masu kuturta a kwana 30 da kwana 60. A sani kuma cewa cutar iri-iri ce, wanda ya jure ta Sadore, tashar ICRISAT da ke kusa da Yamai, zai iya faɗuwa a Maiduguri, wani dalilin ke nan na gwaji a wurare da dama.

Abin da za a rubuta wa kowane layi: ranar da rabin tsirrai suka fitar da gashi, yawan zangarniya, tsawonta, nauyin zangarniyoyi bayan sun bushe, nauyin ƙwaya bayan sussuka, da nauyin ƙwaya 1,000, wanda a yawancin gero yake tsakanin giram 8 da 12. A raba nauyin ƙwaya da nauyin zangarniya. Idan ya kai kashi 70 cikin 100, zuriyar na cika ƙwaya da kyau. Idan ya faɗi ƙasa da 60, ko murzuna ta ci ta, ko ba ta jure yankewar ruwa a ƙarshen damina. Wannan lissafi mai sauƙi ya fi kallon ido gaskiya nesa ba kusa ba. Domin mayar da amfani zuwa hekta: layin murabba'in mita 4.48 ne, idan ya ba da giram 700, kimanin kilo 1,560 ke nan. A tuna zuriyar da ta barbari kanta ba ta kai irin ma'auni ƙarfi, don haka da 'yan'uwanta ake gwada ta.

Mataki na 6: awon ƙarfe ba tare da an yaudari kai ba

Wannan wurin yana buƙatar tsanaki fiye da ko'ina, domin ƙasarmu cike take da ƙarfe. Ƙura kaɗan a jikin ƙwaya za ta ɗaga lamba ta sa a zaɓi zuriyar da ba ta da komai.

A yanki zangarniya biyar zuwa shida daga kowane layi tun suna tsaye, a sa su kai tsaye cikin jakar yadi mai tsabta, kada su taɓa ƙasa. Wadda ta faɗi a bar ta. A shanya su cikin jakar a kan tabarma ko rataye. A murje da hannu mai tsabta ko a turmin icce da aka goge, ban da injin sussuka, ban da tire ko rariyar ƙarfe, balle mai tsatsa. A sheƙe a faifai, a zuba giram 20 zuwa 30 a ambulan takarda, ba tare da maƙalin ƙarfe ba.

A zaɓi zangarniyar da ta cika. Wadda ta yi ƙwaya jefi-jefi takan nuna ƙarfe mai yawa, saboda abincin da tsiro ya tanadar wa dubu ya tattara a kan ɗari. Wannan ba gado ba ne. Bincike ya nuna bununin maƙwabci ba ya sauya yawan ƙarfen ƙwayar da ya barbara a wannan zubin, don haka zangarniyar da aka bari a buɗe ta wadatar.

Cibiyoyin bincike irin su ICRISAT suna auna ƙwaya da na'urar XRF, mai haska ta ba tare da an niƙa ba, kuma tana gama ɗaruruwan samfuri cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka yi fice a tabbatar da su da awon ICP, wanda ake narkar da ƙwaya a ɗakin gwaji a auna, a nemi a haɗa da sinadarin alminiyam: idan ya yi yawa, ƙura ce ta shiga, a watsar da sakamakon. A ƙulla magana da wurin awon tun kafin shuka. Lambar wuri guda kuma ba abin dogaro ba ce, domin ƙasa da ruwa na ɗaga ta ko sauke ta. Matsakaicin wurare ukun ake ɗauka, a auna shi da na irin ma'auni.

Mataki na 7: tacewa da sake haɗawa

A fara da zubar da duk zuriyar da kuturta ta kama fiye da kashi 10 cikin 100 a kowane wuri, da waɗanda lokacin furensu ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da kwana biyar. Daga sauran a ɗauki rabin da ya fi amfani. A cikin wannan rabin ne za a jera su bisa ƙarfe da zinki. Tsarin yana da dalili: manomi ba zai shuka iri don ƙarfe ba idan damin da yake samu ya ragu, irin da ba a shuka ba kuwa ba ya gyara jinin kowa. A tsaya a kan zuriya 25 zuwa 30. Ƙasa da 20 ƙofa ce ta auren dangi.

A koma ga ajiyayyen rabi, ba ƙwayar filin gwaji ba, domin ta gwaji ta sha bununin waɗanda aka zubar. A ɗebi adadi ɗaya daga kowace, a gauraya, a shuka a keɓe. Mai ruwan rani zai iya yin wannan a ranin nan ya rage shekara guda, kuma keɓewa ba ta da wuya tunda babu gero a daji. Sai dai a lissafa lokacin fure: sanyin hunturu na hana ƙwaya kamawa, zafin da ya haura digiri 42 ma yana kashe fure. A yawancin wurare shukar ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ita ke ratsa tsakani. A tanadi mai korar tsuntsu tun daga tumu har girbi.

Abin da aka girbe zagaye ɗaya ke nan. Ana iya sake zagayawa, ko a fitar da shi gwaji.

Mataki na 8: gonar manomi da turmin mata

A gwada sabon irin damina biyu a gonakin manoma 20 zuwa 30, gefe da gefe da nasu, da nomansu da takinsu. Sannan a kai shi gida. A ba mata tiya guda ta sabo da tiya guda ta tsoho ba tare da an faɗi wanne ne wanne ba. Su surfa, a auna dusar da ta fita da garin da aka samu. Su dama fura da kunu, su tuƙa tuwo a bar shi ya kwana a ga ko zai yi ɗumame ko zai saki ruwa. A tambayi launi, domin duhun ƙwayar dangin iniyadi na iya fitowa a fura, wasu kasuwanni kuma ba sa so. A ajiye garin kwana uku a shinshina, tunda gero na da mai kusan kashi 5 cikin 100, shi ke sa garinsa saurin ɗaci.

A auna ƙarfe bayan surfe ma. Kaso mai yawa na ƙarfen yana a bayan ƙwaya da idonta, surfe mai tsanani na tafiya da shi cikin dusa. Irin da ke surfuwa da sauƙi ya fi kai ƙarfensa cikin kwano. Gero na kuma ɗauke da sinadarin fayitet mai riƙe ƙarfe ya hana jiki sha, jiƙo da tsimi irin na koko suna rage shi. Duk da haka riba tana nan: gwajin da aka yi da mata a Benin ya nuna jikinsu ya sha kusan ninki biyu na ƙarfe daga gero mai ƙarfe idan aka kwatanta da na yau da kullum, wani gwajin na wata shida da 'yan makaranta a jihar Maharashtra ta Indiya ya nuna ajiyar ƙarfen jikinsu ta ƙaru.

Daga haɗa iyaye zuwa nan, ko da noman rani, aikin shekara shida ne zuwa takwas. Mai son a yi wa irin rajista a sayar da shi a hukumance sai ya bi ta cibiyar bincike. A Najeriya kwamitin sakin iri na ƙasa ke amincewa, hukumar NASC kuma ke tantance irin sayarwa.

Game da haibirid

Za a ji ana cewa haibirid, wato 'ya'yan farko na haɗin zaɓaɓɓun iyaye biyu, ya fi amfani, kuma gaskiya ne inda ruwa da taki suka samu. Ana yinsa da uwa marar bununi, dabarar da ta fito daga Tifton a Amurka ta kuma ba Indiya haibirid ɗinta na farko a 1965. Amma a 1971 kuturta ta afka wa haibirid ɗin da ya mamaye gonakin Indiya, saboda duk tsirran jininsu ɗaya, abin da ya kayar da guda ya kayar da duka. Kuma dole a sayi sabon iri kowace shekara. Mai son ƙarfe a haibirid sai uwa da uba duka sun kasance masu ƙarfe. Wannan aikin cibiya ne da kamfanin iri, ƙungiyar ƙauye ta fi samun riba a hanyoyin da aka bayyana a sama.

Mataki na 9: riƙe irin kada ya lalace

Irin gero ya fi saurin lalacewa fiye da gyaruwa. Tushen iri a noma shi a nisan mita 1,000 daga wani gero idan da hali, ko da rani. Filin kada ya zama wanda aka noma gero bara, domin gyauro zai tsiro ya gauraya. A zaga sau uku ana tugewa: kafin fitar kai, lokacin fure, da gab da girbi. A duba gefen gona da kan iyaka saboda shibra. A girbe tsakiya domin iri, gefe a ci.

A shanya zangarniya a kan rumfa ko tabarma har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, danshinta ya sauka zuwa kashi 12 cikin 100 ko ƙasa. A zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ko jarka mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango, a rubuta suna da shekara ciki da waje. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a buɗe bayan kwana biyar zuwa bakwai. Idan ƙasa da 75 suka tsiro, kada a raba wa mutane.

Manomin da ya karɓi irin zai iya ɗiba daga tsakiyar gonarsa shekara biyu zuwa uku, daga nan ya koma ya sabunta, domin bununin maƙwabta na narkar da ƙarfen a hankali ba tare da zangarniya ta nuna alama ba. Ita ma ƙungiyar ta riƙa aika giram 30 na tushen irinta awo duk bayan shekara biyu, tare da samfurin shekarar farko da ta ajiye. Idan lambar ta sauka da fiye da miligiram 5, a koma ga ajiyayyen iri a sake ninkawa daga can.